DARASIN LAFIYAR MANOMI: Ƙurar Fure da Murar da ke Dawowa Kowace Shekara

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wata irin mura ne wadda ba a ɗaukarta daga wurin kowa. Takan zo a watan da ta saba zuwa, ta yi makonni, ta tafi, baɗi war haka kuma ta dawo. Mai ita yakan yi ta atishawa, idanunsa su yi ja suna ƙaiƙayi, hancinsa yana zubar da ruwa. Mutane da yawa sukan raina ta. Amma tana hana barci, tana rage ƙarfin aiki, wani lokaci ma takan sauka ƙirji ta ta da cutar asma, har a rasa rai.

Za mu ɗauki misali daga wani ƙaramin gari a ƙasar Ostareliya, sunansa Creswick. Mun zaɓe shi domin gari ne na karkara mai sanyi, gonaki sun kewaye shi, yana kuma cikin wuraren da aka kafa na'urar ƙirga abin da ke kawo wannan mura. A karanta darasin a taron ƙungiya, sashi sashi, ana tsayawa ana tattaunawa.

1. MECE CE ƘURAR FURE?

Kowane manomi ya san bununin da ke fitowa a kan gero. Wanda kuma ya taɓa ratsa gonar masara da hantsi lokacin da ta yi fure, ya ga wani gari rawaya a kan ganyaye da kan rigarsa. Wannan gari shi muke kira ƙurar fure. Ita ce irin namiji na tsiro. Sai ta sauka a kan gemun masara kafin goyon ya cika da ƙwaya. Saboda haka abu ne mai amfani ƙwarai, in babu ita babu hatsi.

Tsire-tsire kashi biyu ne wajen wannan al'amari. Akwai masu fure mai kyan gani da ƙanshi, irin su kabewa da mangwaro da auduga. Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke ɗaukar musu ƙura daga wannan fure zuwa wancan. Ƙurarsu tana da nauyi da danƙo, ba ta cika tashi sama ba. Akwai kuma waɗanda iska ce ke yi musu wannan aiki, wato ciyayi da hatsi da waɗansu itatuwa. Da yake iska ba ta san inda za ta kai saƙo ba, sai su saki ƙura miliyoyi, domin ko kaɗan daga ciki ta dace. Sauran tana yawo cikin iskar da muke shaƙa. Ƙurar ciyawa ƙanƙanuwa ce ainun. Sai an jera ƙwaya wajen 30 kafin su kai tsawon milimita 1.

2. GARIN CRESWICK DA WATANNINSA

Creswick yana jihar Biktoriya, a kudu maso gabashin Ostareliya. Tsakaninsa da birnin Melbon wajen kilomita 120 ne, tsakaninsa da garin Ballarat kuwa wajen kilomita 18. Mutanensa sun ɗan haura 3,000. Masu haƙar zinariya ne suka cika garin bayan shekarar 1850, a 1910 kuma aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a can. A ƙasar da ke kewaye ana kiwon tumaki da shanu, ana noman dankalin Turawa, akwai kuma manyan gandayen itatuwan fain da aka dasa domin katako.

Da yake ƙasar tana kudancin duniya, watanninsu sun saɓa da namu. Sanyinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, ya kuma fi na Jos nesa ba kusa ba, har raɓa takan daskare a kan ciyawa da asuba. A lokacin nan tsire-tsire sukan yi kamar barci. Da sanyi ya fara sauƙi, sai su farka bi da bi.

Daga Agusta zuwa Satumba, itatuwa ne ke fara sakin ƙura. Ta itacen fain takan yi yawa har a gan ta rawaya a kan motoci da kududdufai, amma ba ta cika damun mutane ba. A wannan lokaci ne kuma wani itace mai suna watil, dangin bagaruwa, yake cika daji da fure rawaya. Da yake shi ido ke gani, shi mutane sukan ɗora wa laifi. Likitoci sun gwada sun ga ba safai yake zama dalili ba, gama ƙwari ne ke ɗaukar ƙurarsa.

Daga Oktoba zuwa Disamba ciyawa ke fure, a nan ne babbar wahala take, musamman cikin Nuwamba. Ciyawar da ta fi kowace laifi sunanta raigiras. Daga Turai aka kawo ta, aka shuka a makiyaya domin tana ƙosar da tumaki da shanu. Furenta ba ya ɗaukar ido ko kaɗan. Mu lura da wannan: abincin garken manomi shi ne ke hana manomin barci, kuma tsiron da ba a zato shi ne mai laifin.

Yawan ƙura yana canzawa daga shekara zuwa shekara, daga rana zuwa rana. Idan an sami ruwa sosai kafin lokacin fure, ciyawa takan yi kyau, ƙura ta yi yawa. Ranar zafi mai busasshiyar iska daga arewa, ƙura takan cika sama. Ranar da aka wuni ana ruwa a hankali, ruwan yakan wanke iska, masu ciwo su sami sauƙi.

3. ME YA SA WANI YAKE WAHALA, WANI BA YA YI?

Jikin mutum yana da masu tsaro a cikin jini, aikinsu su yaƙi ƙwayoyin cuta. A jikin waɗansu mutane, masu tsaron nan sukan yi kuskure, su ɗauki ƙurar fure abokiyar gaba ce. Da ta taɓa hanci ko ido, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayi da atishawa da zubar ruwa. Irin wannan ne muke gani ga wanda ya ci wani abinci jikinsa ya yi borin jini, alhali kowa ya ci lafiya. Abin yakan bi jini. Idan uwa ko uba suna da shi, ko suna da asma, 'ya'ya sun fi saurin samu. A ƙidayar lafiya da aka yi a Ostareliya cikin 2017 zuwa 2018, an tarar kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wannan mura. Za mu kira ta murar fure.

Ga yadda za mu bambanta ta da murar da muka saba da ita:

(a) Murar da muka saba da ita takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Murar fure takan yi makonni.

(b) Mura takan zo da ciwon jiki, wani lokaci da zazzaɓi, majina kuma ta yi kauri. Murar fure ba ta kawo zazzaɓi, majinarta kamar ruwa take.

(c) Ƙaiƙayin ido da hanci da ganɗa, da atishawa a jere sau biyar ko goma, alamun murar fure ne.

(d) Mura takan bi gida, daga wannan ta kama wancan. Murar fure ba ta yaɗuwa.

(e) Murar fure tana da watanta, takan kuma tsananta a gona ta yi sauƙi a cikin ɗaki.

Da yake ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba su yi mata kome. Wanda ya saye su domin ta ya yi asarar kuɗinsa.

4. YADDA AKE ƘIRGA ƘURAR

A 1819 wani likita a Landan, John Bostock, ya rubuta bayanin ciwon da ke kama shi kowace shekara a lokaci guda. Mutanen Ingila suka zaci warin sabon ingirici ne ke kawo shi. Sai a 1873 wani likita a Manchesta, Charles Blackley, ya nuna ainihin dalili. Shi ma yana da ciwon. Ya riƙa sa ƙurar tsire-tsire iri iri a hancinsa da fatarsa yana duba abin da zai faru. Ya shafa abu mai danƙo a kan 'yan gilasai ya ajiye a fili, kowace rana ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne. Ya ga ranar da suka yi yawa, ranar ce ciwonsa ke tsananta.

Na'urar da aka daɗe ana aiki da ita a ƙasashe da yawa, daga aikin gona ta fito. Wani masanin cututtukan tsire-tsire a Ingila, Jim Hirst, shi ya ƙera ta a 1952, domin ƙirga ƙwayoyin cututtukan amfanin gona da iska ke ɗauka, irin wadda ke ƙona ganyen dankalin Turawa. Akan kafa ta a wuri mai tsayi. Tana da wutsiya da ke juya bakinta ya fuskanci iska. Tana zuƙar iska lita 10 kowane minti ta wata 'yar kafa, duk abin da ke cikin iskar ya manne a kan gilashi mai danƙo. Kowace safiya sai a cire gilashin, a sa masa rini, a ƙirga ƙwayoyin ɗaya ɗaya da madubin likita mai ƙara girman abu.

Ana ba da lissafin bisa ga yawan ƙwayoyin da ke cikin iska lita 1,000, wato cikin duro biyar. Mutumin da ke zaune yakan shaƙi wannan cikin kamar awa biyu, mai noma kuwa tun kafin haka. Ga ma'aunin ƙurar ciyawa a jihar Biktoriya:

0 zuwa 19: kaɗan
20 zuwa 49: matsakaici
50 zuwa 99: da yawa
100 zuwa sama: ya wuce kima

Lissafin wani gari ba ya yi wa wani gari aiki sosai. A wurare masu sanyi ciyawa takan yi jinkirin fure. A birnin Birisben kuwa, can arewa inda ake zafi, waɗansu ciyayi ne dabam ke ta da ciwon, cikinsu har da kiri-kiri da wata ciyawa dangin dawa, lokacinsu kuma ya fi tsawo. Shi ya sa ake so kowane yanki ya san nasa.

5. ANA KUKAN TARGAƊE, SAI GA KARAYA

Me ya sa gwamnati za ta kashe kuɗi a kan ƙirga ƙura a ƙaramin gari kamar Creswick? Dalilin shi ne abin da ya faru ranar Litinin, 21 ga Nuwamba, 2016.

A shekarar nan an sami ruwa da yawa, ciyawar makiyaya ta yi kyau ƙwarai. Ran nan aka wuni ana zafi har digiri 35, iska tana busowa daga arewa, tana kwaso ƙura daga makiyayan da ke arewa da yammacin Melbon. Da la'asar sakaliya sai hadari ya taso da guguwa a gabansa. Kafin a jima, mutane ko'ina cikin birnin suka fara kasa numfashi. Motocin ɗaukar marasa lafiya suka kasa, asibitoci suka cika. Cikin awa 30, waɗanda suka je asibiti da wahalar numfashi sun fi na kullum da mutum 3,365. Mutum 10 suka rasu.

Ga bayanin da masana suka bayar. Ƙwayar ƙurar raigiras, in tana ɗungum, hanci yakan tare ta, shi ya sa wahalarta takan tsaya a hanci da ido. Amma in ta jiƙa takan fashe, ƙwaya guda ta saki 'yan gutsattsari wajen 700. Su kam hanci ba ya iya tare su, har cikin huhu suke shiga. Iskar da ke gaban hadari takan tara su ta sauko da su ƙasa inda mutane suke. Sai hanyoyin iska na huhu su kumbura su tsuke, numfashi ya yi wuya, ƙirji ya riƙa fito. Wannan ita ce asma.

Abin lura shi ne, mafi yawan waɗanda abin ya kama masu murar fure ne, da yawansu kuma ba su taɓa sanin suna da asma ba. Ba a babban birni kaɗai wannan ya taɓa faruwa ba. Ranar 30 ga Oktoba, 1997, a Wagga Wagga, garin manoma a jihar da ke maƙwabtaka da Biktoriya, mutum 215 suka je asibiti bayan hadari, aka kwantar da 41.

6. RIGAKAFI YA FI MAGANI

Bayan wannan masifa, gwamnatin Biktoriya ta haɗa kai da ma'aikatar duba yanayi da jami'o'i. A 2017 wuraren ƙirga ƙura a jihar suka kai 8, Creswick yana cikinsu. Tun daga shekarar nan, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba, akan sanar da jama'a hatsarin da ake hange na kwana uku a kowane yanki: kore in kaɗan ne, ruwan lemo in matsakaici ne, ja in babba ne.

Shawarar da ma'aikatan lafiya ke ba mazauna irin waɗannan garuruwa ita ce:

(a) Mai murar fure ya ga likita tun kafin Oktoba. Maganin fesawa a hanci wanda ke kwantar da kumburi yana bukatar kwanaki kafin ya kama aiki sosai, don haka akan fara shi kafin ciyawa ta yi fure, a riƙa yi kullum.

(b) Mai asma ya riƙa shan maganin rigakafinsa ko da yana jin lafiya, maganin shaƙa kuma kada ya bar aljihunsa.

(c) Wanda ƙirjinsa ke fito ko yake tari da dare a lokacin fure, ya je a duba ko asma ce.

(d) In hadari ya taso a watannin nan, a shiga ɗaki tun kafin guguwar ta iso, a rufe ƙofa da taga.

Ba su nome ciyawar sun zubar ba, gama da ita suke kiwo. Abin da suka yi shi ne sanin lokacinta da yin shiri kafin ta zo.

7. MU FA?

Gero da dawa da masara duk dangin ciyawa ne, iska ce ke ɗaukar musu ƙura. Haka gamba da kyasuwa, masu fure wajen ƙarshen damina. Ƙurar masara tana da girma, ba ta tafiya nesa, amma wanda ke aiki a tsakiyar gonar da hantsi yana shaƙar ta sosai. Ban da ƙurar fure, akwai waɗansu abubuwa da kan ta da irin wannan ciwo: ƙurar sussuka da shiƙa, fumfunar da ke cikin tsohon rumbu ko harawar da ta jiƙa, hazon hunturu, da hayaƙin murhu. Kowanne yana da lokacinsa.

Ba mu da na'ura, amma muna da ido da littafi, kuma babu wanda ya fi manomi sanin ranar da tsiro ya yi fure. Ga abin da ƙungiya za ta iya yi:

(a) Magatakarda ya keɓe shafi. A gefe guda ya rubuta ranar da gero ya yi bununi, ranar da masara da dawa da gamba suka yi fure, ranar fara sussuka, ranar da hazo ya sauko. A ɗaya gefen ya rubuta wanda ciwo ya kama, da ranar da ya fara da ranar da ya sake shi. Kada a manta da mata da yara. Bayan shekara biyu ko uku, kowa zai ga watansa. A kai wa malamin asibiti littafin ya gani.

(b) In an san watan mutum, a sauya masa aiki a gayya. Wanda sussuka ke kayarwa a ba shi awo ko ɗinkin buhu a gefen da iska ke fitowa. Ba ƙyuya yake yi ba.

(c) A rufe hanci da baki da ƙyalle mai tsabta wajen aiki mai ƙura. In an dawo gida a wanke fuska da kai, a sāke riga.

(d) Wanke hanci da ruwan gishiri yana kawo sauƙi: ƙaramin cokalin shayi 1 na gishiri cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce.

(e) Ƙwayar Piriton tana kwantar da atishawa amma tana sa barci. Wanda ya sha kada ya hau babur ko tarakta, kada ya tsaya kan injin niƙa. Akwai setirizin da loratadin, waɗanda ba su cika sa barci ba. A tambayi malamin asibiti, musamman domin yara da masu ciki. Kada a sayi ƙwaya ko allura a hannun masu talla.

(f) Asma dabam take da tarin fuka. Wanda ya yi tari fiye da mako 2, yana rama, yana gumi da dare, ya je a gwada majinarsa.

8. IN NUMFASHI YA TSUKE

Ga abin da ake koya wa jama'a a Ostareliya, yana da sauƙin riƙewa domin duk huɗu huɗu ne. A zaunar da mutum a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a bar shi shi kaɗai. A girgiza maganin shaƙa na salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. A fesa sau 1, ya ja numfashi sau 4. A yi haka har fesawa 4. A jira minti 4. In bai sami sauƙi ba a sake yin 4, a kama hanyar asibiti nan da nan, ana ci gaba da ba shi a hanya. In ya kasa magana ko leɓunansa suka canza launi, kada a jira kome.

Maganin ya fi shiga huhu in an fesa shi cikin wani ɗan bututu na musamman, mutum ya shaƙa daga ciki. Inda babu bututun, likitocin yara a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba mai rabin lita tana yin aikin. Akan huda gindinta daidai bakin maganin, mara lafiya ya shaƙa ta bakin gorar. A roƙi malamin asibiti ya nuna wa ƙungiya yadda ake yi, tun ranar da kowa ke lafiya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne tsire-tsire ne a gonakinmu iska ke ɗaukar wa ƙura, waɗanne ne kuma ƙwari?

2. Me ya sa akan ɗora wa itacen watil laifi, alhali ciyawa ce babbar mai laifin? Akwai tsiron da muke zargi haka a nan?

3. Su wane ne cikinmu, ko cikin iyalinmu, mura ke kamawa a wata guda kowace shekara? Wane wata ne?

4. Ina ne wuri mafi kusa da za a sami maganin shaƙa da tsakar dare? Wa ke da abin hawa?

5. Wa zai riƙe littafin, yaushe kuma za a fara rubutu?

A kawo amsar tambaya ta 3 da ta 4 a rubuce a taro mai zuwa.